Shekarar da Motoci Suka Koma Dama

Ranar Asabar da ta wuce, ƙarfe shida na safe, muka bar makarantarmu a Lafia: da ni mai koyar da tarihi, da malamar Hausa, da ɗalibai goma sha biyu 'yan aji biyar. Assakio muka nufa, wurin wata dattijuwa da ta daɗe tana fataucin doya. Shugaban makaranta ya ba mu bas da sharaɗi ɗaya: mu dawo da shekarun da za a iya rubutawa a allo, in ba haka ba wannan ce fita ta ƙarshe. A ganinsa, hira da tsofaffi tatsuniya ce.

Hanya ba laifi, sai wasu ramuka da direba ya san su kamar danginsa. Gonakin doya da rogo hagu da dama, babura na wuce mu da buhuna. Mun tsaya sayen ƙosai, ɗalibai suka tabbatar ya fi na Lafia girma, kuma kuɗin ɗaya ne.

Mun sami dattijuwar a gindin mangwaro. Yaren Alago take yi a gida, Hausarta ta kasuwa ce. Bayan gaisuwa aka kunna waya don ɗaukar murya, wata ɗaliba ta karanta tambayar farko daga takardar da muka shirya.

"Mama, a wace shekara kika fara zuwa kasuwar Lafia?"

"Malam, yaranka 'yan sanda ne? Ni ban ajiye lamba ba."

Tambayoyi uku a jere duk na shekara ne, amsar kuma ɗaya. Ɗalibar ta ajiye biro. Ni ma na fara tunanin abin da zan faɗa wa shugaba.

Malamar Hausa ce ta sa aka kife takardar. Ta ce, "Mama, yaya tafiyarki ta farko ta kasance?"

"Ai lokacin aka ce mota ya koma hannun dama. Direbanmu ya manta. Sai ga babban mota a gabanmu, doyana duka a ƙasa!" Ta yi dariya. "Kafin shekara ya zagayo suka kawo sabon kuɗi. Na ce ban karɓa, a ba ni sulena."

Awa biyu tana magana, sannan ta hana mu tashi sai da muka ci sakwara.

A hanyar dawowa ɗalibar nan ta yi bincike a waya: an koma tuƙi ta dama a 1972, naira ta fito a 1973. Abin da na koya ke nan: tsofaffi suna ajiye shekara a jikin abin da ya same su, nemo lambar aikin ɗalibi ne.

Mun shigo Lafia da la'asar. Ranar Litinin shugaba ya saurari hirar har ƙarshe, ya sa hannu a kan fita ta biyu, zuwa Shabu, a zango mai zuwa.