Kujerar Baba da Koren Fenti

Babanmu masunci ne kafin ya koma noma a Bagudo. Da jirginsa ya tsufa har ya daina riƙe ruwan Kwara, bai yarda a yi makamashi da shi ba. Ya ɓalle katakon gindin ya haɗa kujera mai jingina, mai nauyin tsiya, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Bayan rasuwarsa aka jefa ta bayan rumbu, kaji na kwana a kai, gara ta cinye ƙafa guda. Ran rabon gado ko kallonta ba a yi ba. Na ce ina so, Yaya ya yi dariya ya ce in ɗauka, har da garar.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Yana fataucin bandar kifi a kan jakuna zuwa Dahome. Shekarar da aka ba mu mulkin kai hanya ta yi masa tsauri, don su ma can sun sami nasu, an kafa sabuwar rumfa a kan iyaka, an zaunar da wani mai gajeren wando yana kwance kayan mutane.

Ni ba ruwana da wannan. Bayan an yanke gero na jawo kujerar gindin tsamiyar gidanmu. Na fasa kwalba na dinga kankare ta, baƙin dattin shekaru yana zuba kamar dusa. Na goge da yashin kogi har yatsuna suka tsage. Maƙerin unguwa ya ƙera mini ƙusoshi, na sassaƙa sabuwar ƙafa da icen ƙirya, sau uku tana fitowa a karkace. Ina da zuciya, ban ɓoye ba. Ta ukun sai da na wurga ta bayan danga, na koma na ɗauko da kaina. A jikin majinginar akwai ramukan ɗinkin jirgi, har lokacin in ka kai hanci kana jin ƙarnin kifi. Niyyata in shafe ta da man kaɗe kawai, in ajiye wa Inna a ƙofar ɗakinta, don gwiwa ta fara hana ta zaman tabarma.

Rana ta biyar Yaya ya tsaya a kaina yana kallo. Ya zagaya ta, ya zauna, ya girgiza ya ji ba ta motsi.

"Auta, ashe kana da hannu haka? Wanga aiki ya hi ƙarhin man kaɗe. Bari in taho maka da henti."

Tunda nake da shi bai taɓa yaba mini ba. Wallahi har kunya na ji don daɗi. Da ya dawo daga fatauci ya miƙo mini gwangwanin koren fenti, ya ce ai shi ne launin zamani. Na ɗaura tsumma a kan kara na shafa, na bari ya bushe, na sake shafawa. Kullum sai ya leƙo ya nuna mini wurin da bai ji ba, musamman bayan majinginar, inda ni a ganina ba mai dubawa. Ina ta murna wai na sami ɗan'uwa.

Ran da ta bushe sarai aka kira ni gayya a Bahindi. Na tafi da sassafe, da shirin in na dawo mu kai wa Inna tare. Da la'asar na shigo na tarar da gindin tsamiya wayam, sai sawun jaki da ɗigon fenti a ƙasa.

Kwana huɗu ina jiransa. Yana sauke kaya na tare shi a zaure.

"Yaya, ina kujerata?"

"Kujerarka? Ta Baba dai. Na kai ma mutumen rumfa. Bisa gwangwani shika zama, tun watan jiya ni yi mai alkawari. Yanzu ko kwando guda ba shi buɗe min."

Tun watan jiya. Wato kafin ya yabi hannuna, kafin ya kawo fentin. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo ta danga. Shi kuwa kwance igiyar jakinsa kawai yake yi, yana cewa da kifin nan ake ci da gidan, har da ni.

Na wuce wurin Inna ina huci, don na tabbata ita za ta sa ya koma ya karɓo. Tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, tana tsince wake. Na zayyana mata komai, har na ce don ita na yi aikin. Ba ta ɗago ba.

"Na sani, Auta. Ya gaya min tun ran da yak kawo hentin."

"Inna, kin sani? Mi yas sa ba ki hwaɗa min ba?"

"Da ka sani, da ba ka yi ta da kyau ba."

Ta tura mini faifan, ta ce in taya ta, idonta ba ya ganin tsakuwa.