Motocin da Malam Ya Ajiye a Inuwa

Shekarar da Malam ya karye a cinya, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Yana dawowa daga Bukkuyum a kan babur ƙafar gaba ta zame a laka, babur ɗin ya kwanta masa. Malam mijina ne, yana koyar da labarin ƙasa a sakandaren garinmu, Gummi, ni kuwa daga Anka aka kawo ni. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙafar, ya ce wata huɗu babu takawa.

Makonni biyun farko 'yan dubiya suna ta zuwa, yana hira da su har da dariya. Da suka ɗauke ƙafa sai ya juya fuskarsa bango. Mutumin da ba ya iya gama tuwo bai ba ni labarin wani kogi ko wani dutse na wata ƙasa ba, shi ne ya koma sai na yi magana uku kafin ya amsa ɗaya. Salla yana yin ta a zaune a kan lokaci, amma daga sallama sai bango. Inna, mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da mu, ta yi tofi ta karɓo rubutu, ni ma na dage da roƙo a sujada. Ƙafa na san za ta ɗinke da yardar Allah. Shirun nan ne ya hana ni sukuni.

Ƙanensa da ke gyaran kwamfuta a Sakkwato ya ji labari, ya aiko da wata tsohuwar kwamfutar cinya a motar haya, tare da wata sanda mai maɓallai da ake kafawa a tebur a riƙa juyawa. A cikin kwamfutar akwai wasan jiragen yaƙi. Gaskiya ban so ba. Shekarun nan labarin da ke zuwa mana daga Zugu da ƙauyukan can ba mai daɗi ba ne, ban ga dalilin shigo da ƙarar bindiga ɗaki ba, ko da ta wasa ce. Na ƙyale ne kawai don na ga ya tashi zaune.

Ashe harbin bai ɗauke masa hankali sosai ba. Wasan yana da wani ɓangare inda ake buɗe taswira mutum ya tsara farmakin da kansa: inda jirage za su tashi, hanyar da za su bi, inda abokan gaba suke, ƙarfe nawa ne, ina iska ta dosa. Nan Malam ya tare. Ya sa na zaro masa tsofaffin takardun jarrabawa, yana zane a bayansu da rula da fensir. Sai ya auna nisa, ya lissafa ko man jirgi zai kai ya dawo, ya goge, ya sāke. Ya ce da ni duk wanda ya zana taswirar nan ya san ƙasa, don ruwa bai taɓa hawa tudu a cikinta ba. Ni abin da ya ba ni mamaki ɗakin matuƙin ne. Agogai sun fi ashirin, kowanne da aikinsa, kuma in jirgi ya ɗauki gudu sai ka ga allurar ɗaya tana rawa. Wani bawan Allah ya zauna ya yi wa allura rawa don kawai ta gaske haka take yi. Na daɗe ina tunanin irin haƙurin mutumin nan.

Kwamfutar dai ta tsufa. In wasa ya kankama fankarta sai ta kama kuka, gindinta ya yi zafi kamar murfin tukunya, hoton ya riƙa tsinkewa. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Shi kuma ya shiga wurin saiti ya rage duk wani ado: girgije, inuwa, ciyawa, komai ya mayar da shi ƙasa. Sai duniyar wasan ta koma shimfiɗaɗɗiyar tabarma koriya, amma jirgi yana tafiya sumul.

Ta modam ɗin da muke ratayewa a taga ya samu wani zaure a intanet, na mutanen ƙasashe daban-daban masu wannan wasa. Duk Lahadi, daidai bayan la'asar ɗinmu, suna tashi tare, kowa daga gidansa, kuma kowane mako farmakin mutum ɗaya suke bi. Shugabansu wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya. Malam ya roƙi a ba shi mako, aka ba shi. Sati uku ya yi yana ginin nasa. Ayarin motocin sojan abokan gaba ne, ɗauke da manyan bindigogi, sun tsaya hutun tsakar rana a cikin wani kwari, jirage huɗu za su nemo su. A sati ukun nan na sāke jin muryar mijina. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa.

Ya aika, suka gwada, amsa ta zo. Sun yi ta kewaya kwarin har mai ya ƙare, ba su ga ko mota ɗaya ba. Wani ya rubuta cewa mai tsarawar ya manta ne bai saka motocin ba. Dattijon ya yi magana da ladabi, ya ce a gyara kafin Lahadi mai zuwa, in bai yiwu ba za a ba wani, don masu jira suna da yawa.

Malam ya kunna nasa ya nuna mini. “Diba nan, 'yar Anka. Ga su baƙi ƙirin, ɗaya, biyu, har takwas. Mi suka so in yi, in kunna musu hitila?”

Na duba, ga su kuwa, ɗigo-ɗigo a kan kore. Ya rufe kwamfutar. Kwana biyu bai taɓa ta ba, ya koma kallon bango, ni kuma zuciyata ta koma inda ta fito.

Rana ta uku da hantsi na ɗauko faifan shinkafa na zauna bakin gadonsa ina tsintar tsakuwa. Shinkafar fadamarmu daɗi gare ta, amma in ba ka tsince ba haƙori zai gaya maka. Don in jawo shi hira na ce, “Malam, ni ban taɓa ganin abin ga da adonai duka ba. Nuna mani ko sau guda.”

“Kwamfutar ba ta iyawa.”

“Ta gwada. Ni ma ba kullum nika iyawa ba, amma ina girki.”

Ya yi ɗan tsaki, ya jawo ta, ya ɗaga komai sama. Fanka ta ɗauki kuka. Hoton yana zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana buɗe shafin littafi. Amma kyau, subhanallahi. Girgije yana jan inuwarsa a kan tudu, kogi yana walƙiya, ga wani daji mai duhu ya cika kwarin daga baki zuwa baki.

Na ce, “Wanga daji hwa, ina yake dauri?”

“Yana nan. Kwamfutar ce ba ta zana shi.”

“To motocinka suna ina?”

Ya karkata jirgin ya bi ta saman wurin. Babu komai sai ganye. Ya sāke zagayowa ƙasa-ƙasa, har ila yau ganye. Ya saki sandar, ya jawo takardarsa ya zuba mata ido.

A kan taswirar tsarawa akwai 'yan alamomin itace, kuma Malam da hannunsa ya bi motocin nan takwas ɗaya bayan ɗaya ya ajiye kowace a gindin nata iccen. Bai yi shawara da kowa ba, don bai ga abin shawara ba. Tsakar rana ce, direban da ke da hankali ba ya barin mota a rana. Duk wanda ya taɓa zuwa tashar Gummi da azahar ya san haka. Da ya zo gwadawa, kwamfutarsa ta share itatuwan ta bar masa motoci a fili. Su kuwa can masu manyan kwamfutoci, inuwar da ya tanadar wa direbobi ita ta rufe musu ido.

Inna tana bakin ƙofa tana jan carbi. Malam ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba, sai ta bi ta kaina. Na yi mata bayani. Ta ce, “To a rana za shi aje su, su gasu? Gaya mai ya yi daidai. Su Turawan ne ba su san zahi ba.”

Malam ya yi dariya har ya riƙe cinya yana salati.

Na ɗauka gyaran mai sauƙi ne, a jawo motocin fili. Ya ƙi. Ya ce sojan da ke tsoron jirgi ba ya tsayawa a fili, in ya yi haka ya yi musu ƙarya. Ya kuma gano wani abu: a hotonsa mai kauri mota takan fito ɗigo babba, a nasu mai laushi kuwa daga sama ba ta kai ƙwayar gero ba. Yana son su sha wuya kafin su gani, amma wuyar da ke da mafita. Ya daɗe yana kallon hannuna a faifai.

“Ke ƙaƙa kika ganin tsakuwar ga? Ni duk hwari nika gani.”

Ban taɓa tunanin yadda nake yi ba sai ranar. Na ce ina juya faifan ne wajen ƙofa haske ya zo ta gefe, sai kowace ƙwaya ta yi 'yar inuwarta, ta tsakuwa daban take. Sannan ina girgizawa, shinkafa ta gudu, tsakuwa ta yi nauyin jiki. Na ƙara da cewa mutum takwas ba za su tsaya hutu ba a rasa mai dafa shayi, kuma a unguwarmu ko ba ka leƙa gida ba, da hayaƙi kake sanin wadda ta ɗora tukunya.

Ya rubuta duka ukun a bayan takarda kamar ɗalibi. Ya mayar da lokacin farmakin la'asar sakaliya don inuwa ta yi tsawo. Ya bar shida a gindin itatuwansu, ya sa biyu suna tafiya a hankali a kan hanya. Ya kunna wani siririn hayaƙi a bakin dajin. A takardar bayanin da matuƙa ke karantawa kafin tashi ya rubuta su shigo kwarin rana tana bayansu.

Akwai wani ƙauye a bakin kwarin, gidaje kaɗan. Na ce ya cire shi, ba na son ganin wuta kusa da gidan kowa. Ya ce in ya cire ya koya musu harbi ba dubawa. Maimakon haka ya ƙara wata farar bas ta mutanen ƙauyen da za ta bi hanyar nan, ya ɗaura sharaɗi cewa duk wanda ya taɓa ta, su huɗun duka sun faɗi. Raina bai kwanta gaba ɗaya ba, har yau ma ba na son ƙarar bom ɗin nan. Amma na ga inda ya dosa, na kuma ga girmansa a ciki.

Wahalar ita ce dole yanzu ya gwada da adon duka, ya ga abin da za su gani. Kwamfutar takan yi minti kaɗan ta mutu don zafi. Sai muka koma yi da sassafe bayan ya gama lazimi, ina gefe da mafici ina yi mata fifita kamar mai jego. Ta mutu, mu jira ta huce, ya kunna, ya matsar da hayaƙin taku kaɗan, ya sāke tashi daga farko. Kwana huɗu muna haka, ban ji ya yi tsaki ko sau ɗaya ba.

Ranar Lahadi muka yi la'asar, na tayar da ƙaramin janareto. Malam bai ɗauki jirgi ba, ya shiga a matsayin mai kallo don kada kwamfutarsa ta ja su baya. Muryoyinsu suna fitowa da Turanci, ina tsintar abin da sakandare ta bar mini. Suka shigo kwarin, suka wuce, suka zagayo. Na ga Malam ya damƙe bakin zanen gado.

A zagaye na uku wata murya ta ce ta ga hayaƙi. Wata ta ce ga abu yana motsi a hanya, ga inuwarsa. Ɗaya ya kifa kan jirginsa ya nufo ƙasa, daidai lokacin farar bas ta fito daga kwana. Dattijon ya ce a dakata, sau biyu, da muryar da ba ta tashi ba. Jirgin ya ɗago. Suka yi ta kewayawa suna jiran bas ta wuce, bindigogin ƙasa suna ta yi musu ruwa, har aka kakkaɓo ɗayansu. Wanda aka kakkaɓo yana dariya yana cewa su ci gaba. Da hanya ta yi fili sauran ukun suka gama aikin.

Bayan sun sauka dattijon ya tambaya ko mai tsarawar tsohon soja ne. Malam ya rubuta cewa malamin makaranta ne, hayaƙin kuma na matarsa ne. Na ce ya goge, ya ƙi. Aka tambaye shi ko zai kawo wani a wata mai zuwa.

Ya rufe kwamfutar yana ta murmushi shi kaɗai. Can ya ce, “'Yar Anka, gobe a samu maza biyu su kama ni zuwa zaure. Ɗakin ga ya ishe ni, kuma ina son in tambayi direbobin tasha ta ina suka ƙetare gulbi in ya cika.”

Inna ta miƙe tana naɗe tabarmarta don alwalar magariba. Ta ce da ni, “Ki share mai zauren tun da sahe. Kuma a aje shi wajen inuwa.”