Wata Takwas Ana Ɗaga Tafiyar Shu'aibu

A unguwar Rikkos ta Jos babu mai kiran Shu'aibu da sunansa. Likita ake ce masa tun yana aji uku na sakandare, kuma uwarsa Tabawa ce ta soma. Ubansa Malam Isa tela ne, jikan mutanen da haƙar kuza ta kawo Jos.

A 1978 yaron ya fito da sakamakon da sai da shugaban makarantarsu ya karanta shi a gaban taro. Da ya zo cike takardar neman jami'a, guda ɗaya tak ya rubuta, babbar nan ta Kudu da yake mafarkinta. Malam Isa ne ya hana shi cike zaɓi na biyu. Wai wanda ya rubuta na biyu ya riga ya karaya. Ku ji fa, mutumin da bai taɓa zama a aji ba!

Amsa ta zo layi biyu: babu gurbi. Ko haƙuri ba su ba shi ba.

Tabawa ta naɗe takardar ta cusa a ƙasan adaka. "Kada kowa ya ji. An ɗaga tafiya, shi ke nan."

Wata takwas ana ɗaga tafiya. Shu'aibu ya rame, ya koma bayan shagon ubansa yana ɗinka maɓalli. In aka ce, "Likita, yaushe ne?" sai ya sunkuyar da kai. Da tambaya ta yi yawa, Tabawa ta ƙara gishiri, ta ce wa matan kasuwa ai ya fara karatun ta gidan waya.

Wata Talata da hantsi sai ga Firisila, mai tumatir daga Angwan Rukuba, ƙawar Tabawa ta kasuwa. Tana goye da 'yarta Theodora, 'yar shekara biyu, kwana uku tana zawo da amai.

"Oga Likita, layin asibiti ya fi ƙarfina. Duba mini ita."

Tabawa ta tsaya a bayanta tana yi masa ido. "Duba ta mana. Ai kun wuce wannan a littafi."

Shu'aibu ya ɗaga zanen. Idon yarinyar ya zurma, leɓenta ya bushe, ko kuka ba ta iya yi.

"Maman Theodora, ni ba likita ba ne. Ba su ɗauke ni ba. Tun bara."

Firisila ta juya ta kalli Tabawa. "Jiya fa na ce zan kai ta asibiti. Ke kika ce in bari sai yau in kawo masa."

Shi ya karɓi yarinyar ya ruga titi ya tare tasi zuwa asibiti. Kafin la'asar Theodora ta cika.

Tabawa har yau cewa take kwananta ne ya ƙare. To, Allah ne mai rai da mutuwa, amma ba Shi ya ce a yi ƙarya ba. Firisila ta kwashe farantinta ta koma can ƙarshen kasuwa, ba ta sake gaishe ta ba.

Bayan damina Shu'aibu ya samu gurbi a kwalejin horon malamai. Bai yi murna ba, bai kuma nemi shawarar kowa ba. Ana gobe zai tafi ya bi layinsu gida-gida, yana sallama yana faɗa musu da bakinsa inda za shi da abin da zai karanta, kafin uwarsa ta riga shi.