Tuwon Yaya

A gidanmu na Yasore ba a zubar da abinci. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe. Ƙanzon gindin tukunya a kankare shi a shanya, in ya bushe a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Dusa ta tumaki ce, ƙasari na awaki. In loma ta suɓuce maka, Inna, mahaifiyarmu, ba ta faɗa. Kallo ɗaya za ta yi maka, ka duƙa ka ɗauka, ka hure ƙasar ka kai baka. Shi ya sa har yau in na je biki a birni na ga ana kife farantan shinkafa a bola, raina ɓaci yake yi, 'ya'yana su riƙa taɓa juna suna cewa tsoho ya fara.

Inna Bafulatana ce daga Tsaskiya, Yaya kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi. In ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a bayan ɗaki. Ina yaro har na ɗauka ba ta sonsa.

Shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, samari suka rantse cewa a Legas tsintar kuɗi ake yi a ƙasa. Yaya ya hau babbar mota ranar kasuwar Batsari, shi da wani abokinsa ɗan Runka. Inna ko zaure ba ta raka shi ba. Amma da magariba, da ta zo kwasar tuwo, ta cika kwanonsa kamar kullum, ta rufe da faifai ta kai ɗaki.

Baba ya ce, "Wanga kuma na wa ne?"

Ta ce, "Malam, matahiyi ba ya hwaɗin ranar da zai sauka. In ya iso da yunwa hwa?"

Bai iso ba. Da safe ta ɗumama tuwon ta ba mu, ni da ƙanwata. Haka aka ci gaba kullum, mu kuwa gaba ta kai mu, don ɗumamenmu ya ƙaru. Da farko saƙon gaisuwarsa yana zuwa ta bakin masu dawowa. Daga baya shiru.

Sai fari ya zo. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, rumbu ya yi ƙasa, aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana, ana haɗa gari da dusa. Baba ya ce a daina raba wa wanda ba ya nan. Inna ba ta yi musu ba, ba ta kuma daina ba. Nata kason ta riƙa ragewa, har ya koma kamar na yaye, kwanon Yaya kuwa a cike. Baba ya ƙyale ta, tunda cikinmu tuwon yake ƙarewa da safe. Ya san kuma ranar da ta kife kwanon nan, ta yarda ke nan ɗanta ba zai dawo ba.

Wata safiya ɗumame yana kan wuta abokin nan na Runka ya yi sallama. Suka daɗe a zaure da Baba suna gaisawa, gaisuwar ta ƙi ƙarewa. Da Baba ya shigo, hularsa a hannu take.

Ya ce, "Sai haƙuri. Yaron nan Allah ya yi mashi cikawa. Zazzaɓi ne, tun kahin azumi. Can aka rufe shi."

Inna ta yi salati, ta sauke tukunyar, ta juye ɗumamen a kwanon Yaya. Mata suka cika gida suna kuka. Ita kuwa ko ƙwalla ba ta yi ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ina jin yunwa kamar in ci babu, amma na kasa ko duban kwanon.

Da la'asar tuwon ya fara tsami. Wata maƙwabciya ta ɗauka za ta watsa wa kaji. Inna ta miƙe ta karɓe.

"Kawo nan. Hatsi ne."

Ta zagaya bayan ɗaki, na bi ta na laɓe. Ta zauna ta fuskanci danga, ta ci da sanyinsa, loma bayan loma. Ta suɗe kwanon, ta wanke, ta kife shi a kan rumbu. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata ranar ba.

Washegari babu ɗumame. Ƙanwata, wadda ba ta san mece ce mutuwa ba, ta tashi tana murza ido, ta ja zanen Inna.

"Inna, ina tuwon Yaya?"

Nan Inna ta durƙushe a bakin murhu, ta ɗora hannu a ka, tana kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta suka sheƙo.