Kujerar da Na Saya wa Mariƙin Madubi

Ana sallame Asuba muka bar Bauchi, muka nufi Kano ta hanyar Ningi. Masa mai zafi na cinyata, hankalina kuwa yana can wajen masu sauke kayan jirgi, inda wani ɗan akwati yake jirana.

Sana'ata sayar wa makarantu kayan ɗakin gwaji, kuma da tebur ɗaya na fara a Ƙofar Ran. Bana wata Dakta mai koyar da kimiyyar haske, 'yar kudancin jiharmu, ta ba ni odar da ban taɓa samun irinta ba: mariƙin madubi, wanda suke kira gimbal. Zobba biyu ne na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, madubi a tsakiya. Ka murɗa ɗan sukuru, madubin ya karkata kaɗan, tsakiyarsa ba ta gusa ba. Da shi ɗalibanta za su saita hasken leza a jarrabawarsu ta ƙarshe. Ta ce, "Alhaji, in ya lalace a hanya, yaran nan sai baɗi."

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ramukan hanya kuwa ba su ragu ba. Amma dawa ta yi kyau hagu da dama, kankana jibge a bakin titi.

A Kano na buɗe akwatin, na murɗa sukurun da yatsa biyu. Santsi sai ka ce man shanu! Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Da za mu dawo, direba ya so ya cusa akwatin a but ɗin mota tsakanin buhunan albasa. Na ƙi, na saya masa kujera kusa da ni. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, shi ma za a saya masa fura?"

A Birnin Kudu muka tsaya sallar Azahar, na bar wa direba amanar akwatin. Ina dawowa na tarar da shi a buɗe, direban riƙe da filaya.

"Alhaji, an cuce ka! Komai a kwance, sai lilo yake. Bari in ɗaure maka."

Na cafke hannunsa. "Maigida, lilon nan na je Kano saye!"

Taimako ya yi nufi, don a mota duk abin da ke motsi ɗaure shi ake yi. Ya rantse cewa da hannu kawai ya fara murɗawa, bai kai ga sa filayar ba. Daga nan har Bauchi akwatin na ƙirjina, ko raken da na saya ban iya sha ba.

Kai tsaye na ɗauki keke zuwa wajen Dakta. Ta kafa mariƙin a tebur, ta kunna leza, jan ɗigo ya bayyana a bango. Ta murɗa. Ɗigon ya taka a hankali kamar tururuwa, ya tsaya cak inda take so. Ɗalibai suka kaure da tafi. Ta ce, "Alhaji, ka samo mana wasu."

Na isa gida da Magariba, na zauna na sha rakena. Abin da na koya: ba kowane abu mai motsi ne a kwance ba. Kuma gaba, ko masallaci zan shiga, da akwatina zan shiga.