Babban Yatsan Fannami

Duk Haɗeja babu mai taurin kai kamar Fannami masunci. Shekara arba'in yana jan taru, har tafin hannunsa ya koma kamar bayan ƙwarya. In ya gaisa da kai, sai ka duba ko fatarka na nan.

Da ambaliya ta cinye masa shinkafa bara, aka ce za a raba iri don noman rani, amma sai wanda ya dangwala yatsa a na'ura. Abokinsa Malam Usaini, tsohon malamin firamare, ya ce wannan wulaƙanci ne, ofis ba ya ganin mutum, lamba yake gani.

"Kai dai Malam, surutu!" in ji Fannami. "Lokacin da ake ganin mutum, mai rabo surukansa kawai yake gani. Na'ura ba ta da suruki."

Ya shiga layi yana taƙama. Ya dangwala, na'ura ta yi ja. Ya sake, ja. Yatsu goma, babu wanda ta sani. Ya fara tuɓe takalmi zai miƙa na ƙafa, jami'ar, wata Safara'u, ta ce, "Baba, don Allah rufa mana asiri! Taru ne ya cinye zanen yatsunka. Ka huta da aiki, ka shafa mai, ka dawo Alhamis. Ranar za mu rufe."

Kwana shida Fannami bai taɓa ruwa ba sai na alwala. Ya zauna da yatsa a sama cikin man kaɗanya, matarsa Asabe tana ba shi tuwo a baki tana tsaki. Usaini kullum sai ya leƙo ya ce, "Ya jikin amarya?"

Ran Alhamis yatsan ya yi sheƙi, ya zame a kan gilashin, na'ura ta sake yin ja. In kuwa babu irin nan, babu shinkafa bana.

Safara'u ta dube shi. "Ba kai kake kai wa Innarmu kifin karfasa ba? Akwai takardar masu irin hannunka. Kawo shaida ɗaya ya sa hannu."

Ya waiga. Duk layin babu wanda ya san shi sai Usaini, yana murmushi, har ya zaro biro.

Fannami ya samu irinsa. Har yau yana cewa na'ura adala ce, yatsan ne ba shi da tarbiyya.