Ranar da Aka Jera Motoci Shida

Duk abin da na gani a aikin gida, ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen 'yar Hajiyata ba, kuma ba na jin zan manta har a sa ni a ƙasa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata, Baba Ladi, me ya sa ke kaɗai kike ɗaga murya a gaban baƙi? To ga dalilin.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wani gida a GRA. Ga wanda bai san tsarin irin gidajen nan ba, aiki hawa-hawa ne. Akwai mai gadi, akwai direba, akwai kuku, akwai mai wanki da guga, sannan akwai mai falo, wato ni. Mai falo ce ke shiga gaban baƙi da tire, ita ke kunna turare, ita ke kai saƙo. Tun ranar farko Hajiya ta kafa min doka. Ta ce, “A gaban baƙi mai aiki ba ta da murya. In da magana, ki durƙusa ki raɗa min a kunne. Abin da na ce, shi ke nan.” Na riƙe dokar nan kamar karatun sallah, har ina alfahari da ita.

Ƙofa biyu ce a gidan. Babban get na masu mota ne, ƙaramar ƙofar baya ta masu tafiyar ƙasa. A bakin layin kuma masu gidajen sun haɗu sun sa shinge da masu tsaro, keken haya mai ƙafa uku ba ya shiga. Duk wanda ya zo a keke, can zai sauka ya tako, kuma tafiya ce mai nisa, ba inuwa sai ta katanga.

Cikin masu shigowa ta baya akwai Ya Bintu, yayar Hajiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta raini Hajiya a Yerwa, can cikin gari, bayan rasuwar mahaifiyarsu, da sana'ar turaren wuta ta ciyar da ita har ta aurar da ita. Duk wata takan kawo turare a gwangwanin madara, ni kuma in juye a kwalbar gilashi mai murfin zinari. In ƙawaye suka yaba, sai Hajiya ta ce daga Dubai ake aiko mata. Ya Bintu ta sani, dariya kawai take yi. A ɗakina na baya take zama, mu sha shayi, mu yi ta hira har Hajiya ta samu sarari ta leƙo. Ita kaɗai ce a duniya ke kiran Hajiya da sunanta, Zara.

Ranar wata Asabar ce cikin tsananin zafi, Alhaji, mijin Hajiya, yana Abuja. Tun da safe aka fara jera motoci a tsakar gida, don matan dangin ango su ratsa ta tsakaninsu kafin su kai ƙofar falo. Haka ake yi a layin. Maƙwabciyarmu ta jera biyar a lefen tata 'yar, saboda haka Hajiya ta ce sai shida. Huɗu na gida ne, ɗaya ma ta shekara ba ta tashi ba, turo ta aka yi aka wanke. Biyu kuwa aro aka yo daga wani mai sayar da motoci. Da direbanmu Malam Bukar ya gama daidaita su, Hajiya ta karɓe makullan duka ta zuba a jakarta. Ta ce ko gobara aka yi, ba motar da za ta motsa sai baƙi sun tafi.

Ba a gaya wa Ya Bintu ranar ba. A bakin mutane ta ji. Ana gama sallar azahar, baƙi sun fara shiga, sai ga ta ta ƙofar baya, lafayarta ta jiƙe da gumi, ta rungume gwangwani.

“Wushe, sannu Ladi. 'Yata za a kawo wa kaya, in zauna a gida?” Ta miƙo min gwangwanin. “Wannan na amarya ne. Wata biyu ina haɗa shi, hawi da sandal da gajiji, ban yi ƙwauron komai ba.”

Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa, na koma falo. Da na sake zagayowa sai na tarar ta jingina da bango, fuskarta ta yi toka-toka, ta dafe ƙirji.

“Kamar an ɗora min turmi a nan,” in ji ta. “Hannun nan ma ba nawa ba ne.”

Na kira Malam Bukar. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, “Ladi, wannan ta asibiti ce. Karɓo min makulli ko na wace mota ce.”

Na ɗauki tire don kada shigata ta zama abin kallo. Falo ya cika, ƙamshin turaren Ya Bintu ya kama ko'ina. Akwati ashirin da huɗu aka kawo, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga leshi a yi guɗa, a ɗaga sarƙa a yi guɗa, wayoyi duk a sama ana ɗauka. Na durƙusa na raɗa wa Hajiya cewa Ya Bintu na ɗakina, ƙirjinta ya riƙe, a ba Bukar makulli.

Murmushin bai bar fuskarta ba. Ta tsakanin haƙora ta ce, “Wa ya ce ta zo? Ba ta ruwan sanyi da maganin ciwon kai. Yanzu za a gama.”

Ku saurara da kyau, nan ne wurin da ke hana ni sukuni. A kujerar jikin taga akwai ƙanwar mahaifin ango. Ni kunnena ba ya barin magana ta wuce. Na ji ana kiranta Dakta, na ji wata tana tambayarta maganin hawan jininta, tana ba ta amsa. Sau biyu na kai mata shayi, har na san ba ta shan sukari. Daga inda na durƙusa zuwa inda take zaune bai fi taku uku ba. Na kalle ta, na kalli Hajiya, na ɗauki tirena na fita.

A baya na tarar Malam Bukar ya dawo daga bakin layi da gudu, ya je nemo keke amma masu tsaro sun hana keke shigowa, sun ce ba su da umarni, ga manyan baƙi a layi. Ya ce to zai goya ta har can. Ya Bintu ta girgiza kai.

“A gan ni a goye daga gidan Zara, ranar surukanta? A'a, ɗana. Kada ku kunyata min yarinya. Bari ta fito tukuna.”

Na koma karo na biyu. Wannan karon na ce, “Hajiya, wallahi abin ya yi tsanani.” Na ga hannunta ya kai kan jaka, har ta taɓa zif ɗin. Sai uwar tawagar ta juyo tana tambayarta ko ta ga agogon da ke akwati na sha takwas. Hajiya ta janye hannun, ta yaba agogo, sannan ta sunkuyo.

“In aka ja mota yanzu kowa zai leƙa ya ga wa aka saka. Su ce wace ce? Ki rufa min asiri, Ladi. Saura kaɗan.”

Na rufa mata. Na fita na zauna na ɗora kan Ya Bintu a cinyata ina yi mata fifita. Guɗa na zuwa mana ta saman katangar kicin. Ta ce, “Kayan sun yi kyau ko?” Na ce sun yi. Ta ce, “Alhamdulillahi.” Ana kiran la'asar ta fara kalmar shahada, na taya ta. Kafin a tayar da sallah ta cika.

Na shiga falo karo na uku. Hajiya ta ga fuskata, ta nemi izini ta biyo ni. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi kuka na gaske. Ta faɗi a kan gawar tana kiran sunanta, ta cusa bakin lafayarta a baki don kada a ji. Can sai ta miƙe, ta ce in ba ta ruwa. Ta wanke fuska, ta gyara kwalli.

“Saura akwati huɗu,” in ji ta. “Kada wanda ya ji sai sun tafi. Ki ƙara turare.”

Na ƙara. Da hannun da na rufe wa matar ido na zuba turarenta a kasko, na zaga da shi falo, mata suna buɗe lafaya suna cewa kai, Dubai ba wasa ba.

Baƙi na fita aka shigar da Ya Bintu cikin gida ta ƙofar falo, karo na farko da na ga haka. Washegari da safe aka yi jana'iza. Zaman makoki ma a GRA aka yi, domin lungunsu na Yerwa ba ya ɗaukar motocin manya. Aka kafa rumfuna, aka yanka sa. Ranar an buɗe shinge, amma maƙwabtan Ya Bintu na Yerwa ta baya suka shigo, a tabarma suka zauna.

Ranar sadakar uku Dakta ta zo gaisuwa. Ina ajiye mata shayi marar sukari ta tambayi abin da ya faru. Hajiya ta ce ciwon farat ɗaya ne, bayan masu kawo lefe sun tafi.

Dakta ta ce, “Allah sarki. Irin wannan in an samu likita da wuri, sau da yawa Allah yakan sa a dace. Ai da kun kira ni, ko a hanya nake zan juyo.”

Na ajiye kofin a gabanta. Hajiya ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ko a ranar ban yi magana ba.

Bayan arba'in na bar gidan. Ba korata aka yi ba, ɗakin ne na kasa kwana a ciki. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa min, na kuma yarda. Amma ba a kan ajali za a tambaye ni ba.

Mutanen gidajen nan ba duka mugaye ba ne, tsoro ne ya yi musu yawa. Tsoron bakin maƙwabta ya fi musu tsoron komai, kuma mu da ke cin abincinsu sai tsoron nan ya kama mu ba mu sani ba. Ku yi ladabi, ku durƙusa, ku raɗa maganar gishiri da ta baƙon da ya zo ba a shirya ba. Amma in rai ne, ku tsaya a tsakiyar falo ku faɗa da ƙarfi, ko gwamna ne a zaune. Aiki in ya tafi ana samun wani, ni ma na samu. Taku ukun nan kuwa, har yau ina yin su a zuciyata, ban kai wurin kujerar ba.